Alƙalai ko Ƙuri'ar Marubuta: Amsa ga Tambayar Malama

Malama, kin yi tambaya a zamanmu na marubuta na Asabar a nan Jos, lokaci kuma ya ƙure kafin a ba ki amsa mai gamsarwa. Kin ce tunda mun amince mu ware wani abu daga asusunmu don karrama gajerun labaran al'ajabi, wato na aljanu da na wasu duniyoyi da na ƙagen kimiyya, shin alƙalai za mu naɗa su zaɓa, ko kuwa mu marubutan ne za mu riƙa gabatar da labaran junanmu mu kaɗa ƙuri'a? Ni dai ina bayan hanya ta biyu, amma bari in jera miki su duka ki gani.

Hanyar alƙalai ita muka gada. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, a haka ta tafi. Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, ita ma haka take: marubuciya ta aika labarinta, alƙalai su tace, a fitar da uku. Kyautar Caine, wadda ake bayarwa tun 2000 kan gajeren labari da Ingilishi, kamfanonin ɗab'i ne ke miƙa labarai, kwamiti ya yanke hukunci. Ɗan garin nan, Abubakar Adam Ibrahim, ya shiga jerin ƙarshe nata a 2013. Alherin tsarin a bayyane yake. Ana iya rufe sunan marubuci, yarinyar da ba wanda ya san ta a Unguwar Rogo ta kayar da mai littafi goma. Kuma ba a cewa alƙalai ba sa son labarin al'ajabi, don Lesley Nneka Arimah ta ci Caine a 2019 da irin wannan labarin.

Inda yake min ciwo shi ne, alƙalai abin da aka kawo gabansu kawai suke gani. Mutum uku ne, da ɗanɗanon mutum uku. A ce wani ɗalibi a Naraguta ya rubuta labari kan kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru, ya ce a ƙarƙashin koren ruwan nan akwai gari sukutum na waɗanda ramuka suka rufta da su, suna ci gaba da wankin kuza har yau. In alƙalin ya taso ne da labarin soyayya da na zamantakewar aure, zai iya cewa tatsuniya ce, ya ajiye gefe. Mafi muni ma, yaron ba zai aika ba, domin bai taɓa zaton abin nasa na shiga gasa ba ne. Labarin zai yi ta yawo a WhatsApp, ana turawa daga waya zuwa waya, har sunan mai shi ya gutsure a hanya.

Wannan giɓin ne tsarin gabatar da juna yake cikewa. Kyautar Nebula a Amurka, da aka fara bayarwa a 1966, mambobin SFWA, ƙungiyar marubutan ƙagen kimiyya da labaran al'ajabi, ne ke gabatar da ayyuka kuma su ne ke zaɓe. A nahiyarmu akwai Nommo, ta ƙungiyar marubutan labaran al'ajabi ta Afirka, African Speculative Fiction Society, wadda aka fara miƙawa a bikin littattafai na Ake a Abeokuta a 2017, da rukunin littafi da matsakaicin labari da gajeren labari da labarin zane. Mamba ya karanta abu a mujalla irin Omenana, ya burge shi, sai ya sa sunansa. Oghenechovwe Donald Ekpeki ya ci Nommo ta gajeren labari a 2019, a 2022 kuma ya ɗauki Nebula. 'Yan'uwansa marubuta ne suka fara ɗaga shi kafin duniya ta waiwayo.

Abin da ya fi jan hankalina a nan ba kuɗin ba ne, don kin san abin da ke asusunmu bai taka kara ya karya ba. Tsarin yana tilasta wa marubuci ya yi karatu. Ba ka gabatar da abin da ba ka karanta ba. Mu kuwa ciwonmu ke nan: kowa na rubutu, kowa na neman a karanta nasa, kaɗan ne ke zama su karanta na wani har ƙarshe. In kowane mamba ya san a ƙarshen shekara za a tambaye shi labarai uku da suka fi tsaya masa a rai, zai fara adana su, ya nemi sunan marubucin, ya tambayi inda aka fara fitar da shi. Jerin da za a tara, ko da labari ashirin ne, ya zama taskar abin da aka rubuta a shekarar. Gajeren labari ba shi da bango balle a gan shi a teburin mai sayar da littafi a kasuwar Terminus, don haka bakin marubuta ne kasuwarsa.

Na san abin da kike tsoro, kuma kina da gaskiya: sanayya da kamun ƙafa. Ka zaɓe ni in zaɓe ka. Wanda ya fi yawan abokai ya kwashe komai. Wannan ya faru a kyautar Hugo, wadda mahalarta babban taron masoya irin waɗannan labarai ke zaɓa. A 2015 wasu gungu suka haɗa baki suka cika jerin 'yan takara da mutanensu, har masu ƙuri'a suka fusata suka zaɓi kada a ba kowa kyauta a rukuni biyar, ciki har da na gajeren labari. Sai da aka sauya yadda ake ƙirga ƙuri'un gabatarwa daga 2017. In haka ta faru a cikin dubban mutane, mu da muke cin tuwon suna a gidajen juna sai mun fi su yin hattara.

Don haka ga shawarata. A bar gabatarwa a hannun mambobi, amma kada kowa ya sa nasa labarin. Duk wanda ya gabatar da labari ya rubuta layi uku ko huɗu kan dalilinsa, domin a nan ake gane wanda ya karanta da wanda aka roƙa. A ƙayyade tsawo. Nebula da Hugo suna ɗaukar abin da bai kai kalma 7,500 ba a matsayin gajeren labari, mu ma za mu iya tsayawa nan ko ƙasa da haka. Biyar da suka fi samun gabatarwa a buga su a takarda a raba, a karanta su a fili a zama biyu, sannan a yi ƙuri'ar sirri, kowa ya jera su daga na ɗaya zuwa na biyar. Mai ƙirga ya zama wanda ba shi da labari a ciki, kuma ba ɗan'uwan mai labari ba.

Ina kuma roƙon a buɗe ƙofa ga labaran waɗanda ba mambobinmu ba, muddin da Hausa aka rubuta su kuma a cikin shekarar aka fitar. In kin yarda, Malama, ki kawo wannan a matsayin ƙuduri a zama mai zuwa, ni zan mara miki baya, zan kuma ɗauki nauyin tattara sunayen labaran.