Yaya, kar ka sa hannu a takardar sabar ɗin nan tukuna

Assalamu alaikum Yaya, ina fatan kana lafiya kai da iyali, ya zafin Garwa, ya ƙarfin jikin Inna. Na ga hoton takardar farashin da mutanen Duwala suka turo maka ta sabar da za ku sa a biro, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis za su riƙa haɗuwa da ita, na bi ta layi layi bayan na tashi aiki, dan Allah ka ɗan dakata da sa hannu har ka gama karanta wannan, tunda aikin da nake ci da shi kenan a nan Liyon ta Faransa.

Abin da kuke so ai ba wani babban abu bane, wuri ɗaya da za a riƙa ajiye takardun aiki, akanta ya ajiye sakatare ta buɗe daga tata kwamfutar, a daina yawo da kile na USB daga tebur zuwa tebur ana ɗebo bairos. Kuma dabarar tsohuwa ce, kamfanin Sun ya fito da NFS, hanyar raba fayil tsakanin kwamfutoci, tun 1984, Windows na da tata mai suna SMB, sannan a 1992 wani ɗan Ostireliya Andrew Tridgell ya fara Samba wadda ke sa Linux, manhajar da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, ta yi wannan aikin kyauta. Toh ina kuɗin ke tafiya? Wuri biyu, lasisi da kwantiragin gyara, kuma su biyun ne suka cinye takardarka.

Windows Server 2022 Standard da suka rubuta maka, farashin da Microsoft ta sa ya ɗan haura dalar Amurka 1,000, wajen sefa dubu 600 kenan kafin duwan da TVA ta kashi 19.25 da ribar mai kawowa. Tun daga na 2016 da ƙwayoyin furosesa suke lissafi, kuma ko naka bai kai ba sai ka biya na 16. Bayan wannan ga CAL, wato duk mutum ko kwamfutar da za ta taɓa sabar sai an saya mata nata izinin daban, kamar ka gina gida da guminka amma duk wanda zai shiga zaure sai an yanka masa tikiti. Ku 12 ne yau, gobe ka ɗauki ma'aikata biyu sai ka ƙara saya, in kuma ka koma sabon Windows Server tsofaffin CAL ɗin ba sa bin ka. Kuma kowanne da ranar da ake janye masa tallafi, na 2012 R2 an rufe shi a Oktoban 2023, mu nan wata da watanni muka yi muna kwashe ofisoshin mutane daga kansa.

Kar ka ce Linux duk kyauta ne, Red Hat mai sayar da nata irin Linux, wadda IBM ta saya a 2019, kuɗin shekara take karɓa, a baya ma kusan dalar Amurka 800 ne a sabar ɗaya in lokacin aiki kawai kake so a amsa maka, kusan 1,300 in dare da rana ne. Shekarar da baka biya ba sabar na nan na aiki amma sabuntawa ta tsaya. VMware ma, masu wata manhajar sabar, tunda Broadcom ta saye su ƙarshen 2023 suka daina sayar da lasisin dindindin, kowa ya koma haya.

Toh me yasa Turawa ke biya ba gardama, nan ne nake so ka gane. A Faransa mutum ne mai tsada. Mafi ƙarancin albashi wajen yuro 1,800 ne a wata kafin a cire haraji, ka buga da 655.957, canjin yuro ɗaya a sefa, ka gani, ya haura sefa miliyan ɗaya, namu kuwa na gida tun 2023 sefa dubu 60 ne a yawancin kamfanoni. In ofis mai mutum 12 ya tsaya yini guda a nan saboda sabar ta mutu, asarar albashin ranar kaɗai ta kai kuɗin lasisin, shi yasa mai ofis baya ma kallon layin. Amma farashin lasisin ɗaya ne da Liyon da Garwa, ba sa rage maka don kana Arewa, sai ma ƙari da ke hawa a hanya.

Sannan kwantiragin gyara a nan abu ne da kake gani da ido. Akwai wani ofishin masu zanen gini da muke kula da shi, faifan ajiya ɗaya na cikin sabar ya lalace da safe fitilarsa ta koma ruwan lemo tana ƙiftawa, kafin ma su lura sabar ta aika saƙo da kanta, ba a yi azahar ba sai ga mutum da ƙaramar mota da kwali a hannu, ya zare tsohon ya zura sabo ko kashe injin bai yi ba, aka sa masa hannu ya wuce. Su Dell da HP suna sayar da wannan, ko awa 4 ko washegari, kuma suna iyawa ne don akwai sito cike da kaya kusa da gari da titi mai kyau. Yanzu ka duba taka takardar, an rubuta tallafi na shekara amma ba a rubuta awa nawa ba, ba a ce wa zai biya kuɗin mota da masauki ba, ba a ce kayan gyara suna Kamaru ko sai an yi oda daga waje ba. Daga Duwala zuwa Garwa ya fi kilomita 1,000, jirgin ƙasa a Ngaundere yake tsayawa sauran sai mota, wallahi abin da za ka samu shine wani ya kira ka a waya yace kashe ka kunna. Wannan ba zan so ka biya shi duk shekara ba.

Nasan wasu za su ce maka a sa Windows na sata kawai kowa haka yake yi. Kar ka yarda Yaya, takardun kuɗin mutane ne a hannunka. Bairos ɗin WannaCry na Mayun 2017 ta tsohon SMB ya bi ya shiga kwamfutocin da ba a sabunta ba, har asibitocin Ingila sai da ya tsayar. Su Google Drive da Microsoft 365 kuma kuɗin wata ne a kan kowane mutum, da kati ake biya, kuma ranar da rezo ya ɗauke aikinku ya tsaya cak.

Ni abin da nake gani ya dace da ku, ƙaramin akwatin ajiyar fayil da ake kira NAS, irin na Synology mai ɗaukar faifai biyu, a nan wajen yuro 300 zuwa 400 ne ban da faifan, manhajarsa a ciki take ba lasisin kowane mutum, kwamfutocin Windows za su gan shi kamar kowane folda. Ko kuma kwamfuta mai ɗan ƙarfi a sa mata TrueNAS ko Ubuntu da Samba. Faifai biyun kowanne na kwafar ɗan'uwansa, amma wannan baya hana wani ya goge abu bisa kuskure, dole a samu na uku na waje da za a kwafa duk Juma'a ka tafi da shi gida. Ka sayi faifai ɗaya sabo ka kulle a durowa, shine naka awa 4 ɗin. Ondula mai kyau, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, dole ne saboda yadda kuran ke ɗaukewa yana dawowa da ƙarfi, kuma kar a ajiye akwatin a ƙasa ko ɗakin da ba iska, zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu sun fi bairos kashe faifai.

Kuɗin da ya ragu ka nemi yaro mai hankali cikin waɗanda suka karanta kwamfuta a jami'ar Ngaundere ko Marwa, suna nan da yawa ba aiki, ku rubuta yarjejeniya ta gaskiya, nawa a wata, sau nawa zai zo dubawa, cikin awa nawa zai iso in an kira, kuma kalmar sirri ta babban mai kula tana hannunka a rubuce ba a kansa shi kaɗai ba. Wannan yana hawa mashin minti 15 ya iso biro. Ni kuma ranar Asabar zan iya shiga ta intanet in duba masa saitin farko.

Ka turo min shafi na biyu na takardar don bai fito sosai ba, da yawan gigan da kuke da shi yanzu a duka kwamfutocin, sai in san girman faifan da za a saya. In akwai mai tahowa gida kafin salla zan ba shi akwatin ya taho da shi. A gaida Inna da Anti da yara duka.