Mai saida kajin gida a unguwar Ali Dan Sofo, abin da na gani

Masu tambaya ina ake samun kajin gida na asali a Maradi, ba na gidan gona ba, akwai wani dattijo a unguwar Ali Dan Sofo da ke kiwonsu cikin gidanshi kuma yana saidawa, ni dai can nike saye yanzu. Ba shago ba ne, akurki ne da rumfar zana, amma irin da ke wurinshi ko ranar Litinin ko Juma'a ka kewaye 'yan kaji na babbar kasuwa da wuya ka haɗa su wuri guda.

Yana da durgu masu gajerun ƙafa, yana da fingi masu gashi a murɗe, da masu wuya ba gashi waɗanda ke jure zahin watan Afrilu fiye da sauran, har da kolonto manya irin na wajen Gaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zanko. Yawancin zakarunmu zankonsu guda ne a tsaye mai haƙora kamar zarto, to shi yana da wani jan zakara da zankonshi ke kwance bisa kai, faffaɗa, duk ƙananan tsiro a sama kuma ya yi tsini ta baya, da wani mai ɗan ƙaramin zanko layi ukku a jere. Na ce Baba wannan ba ciwo ba ne? Ya kama zakaran ya buɗe mini da yatsa ya ce ɗana haka ubanshi yake, gado ne, ciwo shi ne ka ga zanko ya koɗe ko ya yi baƙin ƙuraje. Wallahi mutumin ya san kaza, kahin ya ba ka sai ya sa ka taɓa ƙirjinta ka duba ido da hanci, kuma yana yi musu rigakahin cutar Newcastle, na ɗigawa a ido, tun sanyi bai shigo ba, don lokacin sanyi ne annobar ke share kajin ƙauye.

Inda ban ji daɗi ba, duk a haɗe suke kiwo, zakara kowane yana bin kowace kaza, don haka in ƙwai ka saya ka jira kwana 21 ba ka da tabbas abin da zai fito. Ya kamata ya raba su, irin ga ba su da yawa kuma haka suke ɓacewa. Sannan fingi ta yi tsada, jika shidda na sefa ya ce mini, wai masu neman ta don magani sun lalata kuɗinta. Zakaran mai kwantaccen zanko jika biyar na biya kuma ban ga an cuce ni ba.

In za ku je ku tahi da sahe kahin ya sake su, kuma ku riƙe kwandonku don shi ba ya badawa.