Kwas ɗin Dale Carnegie na koyon magana a gaban jama'a: wa zai amfana, wa zai yi asarar kuɗinsa

Akwai mutumin da ya san aikinsa kamar yunwar cikinsa, amma da zarar an ce ya tashi ya yi bayani a taro sai gwiwa ta fara kaɗawa, miyau ya ƙafe, abin da ya kwana yana shiryawa ya bi iska. Saboda irin wannan mutumin aka gina kwas ɗin Dale Carnegie, kuma a ganinmu shi ne zai ci moriyar kuɗinsa sosai. Wanda kuwa ya shiga da zaton za a koya masa yadda ake sa farashi, ko yadda ake ƙulla ciniki da babban kamfani, to ya ɓata hanya, domin wannan wani kwas ne daban da kamfanin ke sayarwa da kuɗinsa daban.

Ba za a gane dalilin da ya sa ajin yake tafiya yadda yake tafiya ba sai an san mai shi. An haifi Carnegie a 1888 a garin Maryville na jihar Misuri a Amurka, ɗan talakan manomi ne. Da ya shiga kwalejin horar da malamai ta Warrensburg ba shi da kuɗin kwana a makaranta, don haka kullum a kan doki yake zuwa ya koma, kuma a kan dokin nan da wajen tatsar shanu yake maimaita jawabansa. Bayan makaranta ya shiga yawon talla. Ya fara da sayar wa masu kiwon shanu na yammacin Nebraska darussan da ake aikawa ta gidan waya, bai yi kasuwa ba. Daga nan ya koma kamfanin Armour yana tallar naman alade da sabulu da kitse, yana bin jirgin ƙasa na kaya daga ƙauye zuwa ƙauye. Yankin da aka ba shi yana na 25 cikin yankuna 29 da ke ƙarƙashin reshen kamfanin na Omaha ta Kudu a Nebraska, shi ya kai shi na ɗaya. A 1911 ya ajiye aikin da dala 500 a aljihu ya tafi Niyok koyon wasan kwaikwayo, nan ma abin bai karɓe shi ba.

A 1912 ne ya je reshen YMCA, ƙungiyar samarin Kirista, da ke Titi na 125 a unguwar Harlem ta Niyok, ya nemi a bar shi ya koyar da magana a ajin dare. Dala biyu ya nema a kowane dare, suka ƙi, sai aka daidaita a kan kaso daga abin da ɗalibai suka biya. Wannan yarjejeniya ita ce asalin komai. Malamin da ke cin albashi zai iya yin lacca ɗalibai na gyangyaɗi, amma wanda abincinsa ya dogara da dawowar ɗalibi mako mai zuwa dole ya ba shi abin da zai gani a ƙasa tun daren farko. A daren farkon ma abin faɗarsa ya ƙare tun lokaci bai cika ba, sai ya ce kowa ya tashi ya yi magana a kan wani abu da ya taɓa ɓata masa rai. Mutanen da ɗazu ba sa iya haɗa jimla biyu sai ga su suna zuba babu gargada. Har yau a kan wannan ajin yake tsaye: ɗalibi ne mai magana, kuma a kan abin da ya faru da shi.

Littafinsa da duniya ta sani, How to Win Friends and Influence People, daga ajin ya fito, ba ajin ne ya fito daga littafi ba. Leon Shimkin na kamfanin ɗab'i na Simon & Schuster ne ya shiga kwas ɗin, ya lallashe shi aka rubuta abin da yake koyarwa, aka buga a 1936. Kafin ya rasu a 1955 an sayar da kwafi miliyan biyar. Matarsa Dorothy ce ta ci gaba da riƙe kamfanin, wanda yanzu yake aiki ta hannun wakilai masu lasisi a ƙasashe da dama.

Tsarin da aka fi sani a yau shi ne zama takwas, sau ɗaya a mako, kowane zama awa uku da rabi, jimla awa 28. A da ya fi haka tsawo, an yi zamanin mako 14, an yi na mako 12. Akwai mai horarwa guda, da wasu tsofaffin ɗalibai da suke dawowa su taimaka, su ne ke fara yin misali kafin sababbi su tashi. Kowa sai ya fito gaban aji, ba a ɗaga wa kowa ƙafa, kuma jawabi ba ya wuce minti biyu. Lokaci na cika za a tsayar da kai ko kana tsakiyar jimla. Mutane da yawa suna jin haushin wannan a makon farko, amma shi ne mafi amfanin abin da ke cikin ajin, domin mai tsoron magana ya san azabar ta minti biyu ce, mai surutu kuma ya koyi yanke gabatarwa.

Yadda ake gina minti biyun nan mataki uku ne. Na farko labari: abu guda da ya faru da kai, a rana guda, a wuri guda. Ba a son ka fara da godiya ga mahalarta ko neman afuwar cewa ba ka shirya ba. Ka faɗa cikin labarin kai tsaye, ka ce ranar kaza ina tsaye a wuri kaza sai ga wane ya shigo. Wannan ke cin fiye da minti ɗaya da rabi. Na biyu, a jimla guda, abin da kake so mai sauraro ya yi. Na uku, a jimla guda ita ma, amfanin da zai samu idan ya yi. Inda ɗalibai ke tuntuɓe a nan sananne ne. Wasu suna haɗa labari uku a wuri ɗaya, sai lokaci ya cika ba su kai ga saƙon ba. Wasu suna ba da umarni mai faɗi irin "mu zama masu gaskiya", alhali abin da ake so shi ne ƙaramin aiki da za a iya yi gobe da safe, kamar "ka ƙirga kaya a gaban direba kafin ka sa hannu a takarda". Wasu kuma suna haddace jawabin kalma bayan kalma, kalma ɗaya na kuɓucewa sai duka ya rushe. Ajin yana hana hadda, yana cewa ka maimaita labarin ga aboki a cikin hira har ya zauna maka. Akwai kuma sharaɗi a kan zaɓen batu: ya zama abin da ka cancanci magana a kansa saboda ka rayu a ciki ko ka daɗe kana nazarinsa.

Zama na farko yawanci na riƙe sunaye ne. Ana koya maka ka kalli mutum ka saurari sunan da kyau, ka lura da wani abu a kamanninsa, ka maimaita sunan a cikin hirar, sannan ka danganta shi da wani hoto a zuciyarka. Dabarar tana aiki. Wadda ba ta ƙetare harshe lafiya ita ce ta haddace jerin abubuwa da lambobi, domin an gina ta ne a kan amon kalmomin Turanci: biyu da gidan zu, uku da bishiya, huɗu da ƙofa, duk amonsu ɗaya a Turanci. Wanda yake tunani da Hausa sai ya sake ƙirƙiro nasa jerin, in ba haka ba aiki biyu zai yi.

A tsakiyar kwas ɗin akwai zaman da ake sa manyan mutane su ɗaga murya, su yi motsi da hannu da jiki fiye da kima, su kwaikwayi labari kamar 'yan wasan daɓe. Mai kallo daga waje zai ce wasan yara ne. Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne: wanda ya saba magana ƙasa-ƙasa, hannu a aljihu, ba zai dawo daidai ba sai an ja shi ya wuce daidai ɗin. Bayan wannan zaman, magana da murya ta sosai a taron ofis ba ta zama masa wani abu.

Tsakanin zama da zama akwai aikin gida, kuma nan ne ainihin kwas ɗin yake. Ƙa'idojin mu'amala 30 ne, tara na kyautata hulɗa, 12 na jawo ra'ayin mutane, tara na shugabanci. Za a ce ka zaɓi mutum guda da kuke samun saɓani, a gida ko a wurin aiki, ka gwada ƙa'ida guda a kansa har mako, ka dawo ka ba da rahoto a minti biyu. Ƙa'idar farko ita ce daina suka da zargi da ƙorafi. A ɓangaren damuwa kuma ana koyar da matakai uku da Carnegie ya ɗauko daga injiniya Willis Carrier, mai kamfanin na'urar sanyaya ɗaki: ka tambayi kanka mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa, ka shirya karɓarsa, sannan ka zauna ka rage masa muni. A ƙarshen kowane zagaye 'yan aji suna jefa ƙuri'a, wanda ya fi ƙoƙari a ba shi alƙalami. Kyautar ƙarama ce, amma tana sa mutane su shirya.

Saboda aikin gidan nan ne ba ma ba da shawarar samfurin kwana uku a jere da kamfanin ke sayarwa ga marasa lokaci. Darasin ɗaya ne, amma babu makon da za ka je ka gwada a kan maigidanka ko abokin cinikinka, ka kasa, ka dawo ka sake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na intanet kuma yana da sauƙin halarta, sai dai tsoron da ke kama mutum a tsaye gaban idanu talatin ba shi ne na gaban kwamfuta ba, kuma wancan tsoron aka zo kashewa.

Babban raunin kwas ɗin shi ne gyara. Tsarinsa na yabo ne: kana gama magana mai horarwa zai ɗauko abu guda mai kyau da ka yi ya faɗa a gaban kowa. Ga matsoraci wannan magani ne. Ga wanda ya riga ya iya tsayuwa, matsalarsa ita ce tsarin hujja ko yawan maimaita kalma, yabon ba zai ƙara masa komai ba, zai iya gama mako takwas da kuskurensa na ranar farko. Irin wannan mutumin gara ya nemi kwas ɗin kamfanin na kwana biyu wanda ake ɗaukar mutum a bidiyo a zauna a duba tare da shi. Haka nan labarin minti biyu ba ya koyar da gabatar da kasafin kuɗi ko rahoton fasaha na rabin awa.

Akwai kuma tsohon zargi cewa ƙa'idojin suna koyar da daɗin baki da fadanci. Carnegie da kansa ya dage cewa yabo na gaskiya yake nufi, ba bambaɗanci ba, amma aji ba shi da hanyar auna zuciya. Marubucin tarihin Charles Manson, jagoran wata ƙungiya da ta yi kisan gilla a Amurka, ya nuna cewa wannan mugun ya yi kwas ɗin a gidan yari a ƙarshen shekarun 1950 kuma ya yi amfani da shi wajen juya mutane. A ɗaya gefen ga Warren Buffett, hamshaƙin attajirin Amurka mai zuba jari, wanda ya biya dala 100 yana saurayi saboda tsoron magana, kuma takardar shaidar kwas ɗin ce ya rataye a ofishinsa, ba ta jami'a ba.

Mai karatu Bahaushe yana buƙatar tacewa a wurare biyu. An gina darasin a kan ɗabi'ar Amurkawa, inda kiran mutum da sunansa na yanka da kallonsa cikin ido alamar girmamawa ce. A wajenmu wanda ya kira dattijo da gatsal ɗin sunansa yana maimaitawa, ido cikin ido, ya yi tsaurin ido, cinikin ma ya lalace. Abin da ya kamata a riƙe shi ne laƙabin da mutum yake so, Alhaji ne ko Malam ko Hajiya ko sarautarsa, da sunan garinsu. Na biyu, akwai darasin buɗe hira da baƙo ta hanyar tambayar gida da iyali da aiki da tafiye-tafiye. Wanda ya tashi da "ina gida, ina iyali, ya aiki, ya hanya" ba sabon abu aka ba shi ba. Abin da zai ƙaru da shi kawai shi ne ya tsaya ya saurari amsar, ya ɗora tambaya ta biyu a kanta.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A Amurka yana kaiwa wajejen dala 2,000, a sauran ƙasashe kuma wakilin yankin ne ke yanke farashi, shi ya sa galibin masu zuwa ma'aikatarsu ce ke biya musu. Da yake wakilai ne ke gudanarwa, ingancin aji yana bin ingancin mai horarwa, don haka a nemi halartar zaman gwaji kafin a biya, a kuma tambayi yadda ake rama zaman da ya kuɓuce. Tambaya mafi muhimmanci ita ce yawan ɗalibai. Zama guda minti 210 ne. Idan mutum 30 ne, kowa minti biyu da minti ɗaya na sharhi, zagaye guda ya ci minti 90, biyu sun ci 180, saura rabin awa na bayani da hutu. Aji ya wuce haka, to zagaye na biyu ne za a matse ko a raba mutane ƙungiya-ƙungiya. Ko a ajin da ya daidaita, idan ka tashi sau biyu a kowane zama, tsayuwarka gaba ɗaya ba ta fi sau 16 ba, wato minti 32 cikin awa 28. Wanda bai da halin biya zai iya tara abokan aiki takwas ko goma, su sa agogo da ranar haɗuwa guda a mako, kowa ya tashi sau biyu da labari da umarni da amfani, a naɗa mutum guda mai tsayar da magana idan minti biyu ya cika.