Rufus ko Ventoy: wanne ya kamata ya zauna a filash ɗinka?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni tsakanin Rufus da Ventoy, manhajoji biyu na haɗa filash ɗin da ake ɗora wa kwamfuta Windows da shi, wanne za ka sa a naka. Tunda filash ɗaya ne da kai mai 32GB, kuma kwamfutocin mutane za ka riƙa ɗora wa Windows ba taka kaɗai ba, to Ventoy za ka sa masa. Rufus ɗin da ka haɗa su a tambaya, ka sauke shi ka ajiye a kwamfutarka, bai ma kai 2MB ba, akwai ranarsa. Amma wanda zai kwana a aljihunka Ventoy ne.

Rufus kamar allon almajiri yake, ba ka rubuta sabon karatu sai ka wanke na baya. Ka ɗora Windows 10 da safe, da azahar wani ya shigo da sabuwar laftof yana son 11, to dole ka share filash ɗin kaf ka zauna jiran sabon rubutu. In filash ɗin USB 2.0 ne, jiran ba ƙarami ba ne, ga mai kaya a kan benci yana duba agogo, ga fargabar a ɗauke wuta aiki bai kammala ba. Kuma kafin ka danna Start sai ka zaɓi GPT ko MBR, wato tsarin da za a raba filash ɗin da shi. In ka zaɓi GPT, kwamfuta mai UEFI, sabon tsarin tada kwamfuta, ce kawai za ta tashi da shi, tsohuwa mai BIOS ko kallonsa ba za ta yi ba. Akwai dabarar danna Alt da E don ya yi aiki a duka biyun, amma a ɓoye take, sabon shiga ba zai san da ita ba sai an gaya masa.

Ventoy kuwa, wanda ya fito a 2020, sau ɗaya ake sa shi. Ka buɗe Ventoy2Disk, ka zaɓi filash ɗinka, ka danna Install. Zai tambaye ka sau biyu ko ka yarda a share abin da ke ciki, don haka ka kwashe kayanka tukuna. Daga nan sai ya raba filash ɗin kashi biyu: wani ɗan ƙarami mai 32MB mai suna VTOYEFI inda shi kansa yake zaune, sai babban kashi inda za ka zuba fayilolin ISO, wato kwafin faifan Windows ko Linux a fayil guda, kamar yadda kake tura hoto ko waƙa. Shi ke nan aikin. Babu sauran fomat. Windows 10, Windows 11, Linux Mint, Hiren's BootCD PE na gyare-gyare, duk suna zama tare, in ka tada kwamfuta da filash ɗin sai ya jero maka su ka zaɓi wanda kake so. Babban kashin nan da tsarin fomat na exFAT yake, saboda haka matsalar tsohon tsarin FAT32 da ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce 4GB ba ta taso ba, alhali ISO na Windows 11 ya haura 5GB. Filash ɗin guda yana tashi a BIOS yana tashi a UEFI. In sabon Ventoy ya fito ka danna Update, ba ya taɓa fayilolinka. Gurbin da ya rage kuma ka ajiye direbobi da manhajojin da kake sa wa mutane.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake ƙaunar abin nan. Wata ɗaliba ta taso tun daga Kashere ta same ni a shago nan Jekadafari, saura 'yan kwanaki ta miƙa furojet. HP ɗinta ta ƙi tashi, ta kawo shuɗin allo ta mutu, ta sake kunna kanta, haka take ta yi. An riga an gaya mata a wani wuri cewa sai dai a yi fomat, komai ya tafi, kuma ba ta da kwafi a ko'ina. Idonta ya yi ja tun kafin ta zauna. Na soka filash, na danna F9 don in zaɓi abin da za ta tashi da shi, jerin Ventoy ya fito, na zaɓi Linux Mint, wanda yake tashi daga filash ba tare da ya taɓa had-dis ɗin kwamfutar ba. Muka buɗe ma'ajiyar, ga foldarta nan lafiya lau, babi na ɗaya har na biyar, da hotunan takardun da ta raba wa mutane suka cike. Da ta ga sunan babi na huɗu a allo sai ta rufe fuska da mayafi tana ta hamdala. Na kwashe komai na zuba a had-dis na waje, na kashe, na sake danna F9, a filash ɗin nan dai na zaɓi Windows na ɗora mata sabo. Kafin la'asar ta kama hanyar tasha. Addu'ar da ta yi wa iyayena ranar ta fi mini kuɗin aikin daɗi. Da Rufus ne, sai dai in kasance da filash biyu, ko in rubuta Linux, in kwashe kaya, in share, in sake rubuta Windows tana zaune tana jira.

Ka riƙe wannan a matsayin ƙa'idar aiki: kada ka taɓa yi wa kwamfutar mutum fomat ba ka fara leƙa ciki da Linux ba, ko da ya ce maka babu komai. Da yawa sai sun koma gida suke tuna hotunan biki ko lissafin shago. Inda wannan dabarar ba ta ci shi ne in an kulle ma'ajiyar da BitLocker, makullin bayanai na Windows, nan kam sai mai ita ya kawo lambar buɗewa daga asusunsa na Microsoft.

Ventoy yana da nasa ɗan cikas, gara ka sani tun yanzu don kada ka ruɗe a gaban kwastoma. A kwamfutar da Secure Boot yake kunne, wato tsaron da ke hana ta tashi da abin da ba a tantance ba, karon farko za ka iya ganin shuɗin allo yana cewa bai tantance filash ɗin ba. Ba lalacewa ba ce. Ko dai ka bi Enroll key from disk ka zaɓi fayil ɗin mabuɗin da ke cikin VTOYEFI, ko ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot, in ka gama ka mayar. A HP da F10 ake shiga BIOS, a Dell da F2. Jerin abin da za ta tashi da shi kuwa F9 ne a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, Esc a Asus. In ka zaɓi Windows ya ƙi buɗewa ta hanyar da aka saba, koma ka gwada wimboot, yana cikin zaɓin da yake kawo maka.

To ina ranar Rufus? Lokaci-lokaci za ka haɗu da kwamfuta mai taurin kai da ta ƙi Ventoy ko ta yaya, nan sai ka ɗauko wani filash na daban ka yi mata da Rufus. Kuma in gaskiya za a faɗa, wajen Windows 11 akwatunan da yake kawo maka ka yi wa alama, na cire sharaɗin TPM 2.0 (na'urar tsaro ta cikin kwamfuta) da Secure Boot da RAM 4GB da na tilasta asusun Microsoft, a fili suke, kowa zai gane. Pete Batard ya fitar da shi tun 2011, an daɗe ana cin moriyarsa, ba zan ce ba ya aiki ba. Ni dai iyakarsa ke nan a wurina. Manhajar haɗa filash ta Microsoft kuma, Media Creation Tool, in ka bar shi ya rubuta filash kai tsaye, duk ranar da kake son wani sai ka sake sauke Windows daga farko, kai ka san kuɗin data yanzu. In za ka yi amfani da shi, zaɓi ya ba ka ISO, ka ajiye abinka.

Tunda an taɓo Windows 11, ka riƙa gaya wa mutane gaskiya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi ya sa kowa yake cewa a sa masa 11. Amma yawancin laftof na gwanjo da ke yawo a Gombe, irin su EliteBook 840 G3, Intel zubi na 6 ne, ita kuwa Microsoft daga zubi na 8 ta amince. Zai hau in an tsallake sharaɗin, sai dai kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko masa da sabuntawa ba. Ka faɗa wa mai ita kafin ka fara, ya zaɓa da kansa. Masu Core 2 Duo kuwa kada ka ma wahalar da kanka, Windows 11 na 24H2 ba ya tashi a kansu, Linux Mint ya fi musu.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma wallahi ya fi zaɓin manhajar muhimmanci. Filash ɗin nan naka mai 32GB, ka tabbata 32 ɗin ne? Jabu ya cika kasuwa. Za ka ga kwali mai ƙyalli da sunan SanDisk ko Kingston, ka soka a kwamfuta ta nuna maka 64GB ko 128GB, alhali abin da ke ciki bai wuce 8GB ba. Ɗan ƙwaƙwalwar da ke cikinsa suke yi wa dabara ya riƙa faɗin ƙarya. Muguntar abin ita ce ba ya nuna maka ya cika. Za ka ga kwafi yana tafiya har ƙarshe, sunan fayil ya fito, girmansa daidai, amma duk abin da ya wuce ainihin gurbin ya bi iska ko ya hau kan na baya ya lalata shi. Ga mai Ventoy da zai zuba ISO uku ko huɗu, wannan masifa ce: na farko ya yi aiki, ka saki jiki, ranar da ka zaɓi na uku sai ya tsaya a tsakiya yana cewa fayil ya ɓace, bayan ka riga ka share ma'ajiyar mutum. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa kawo irinsa daga wani shago, an rubuta 2TB a jiki, an sayar masa a kuɗin da bai kai na 32GB na ƙwarai ba. Da ya koma, mai shagon ya ce tunda an yage kwali ba ya karɓa. Araha ba ta ado.

Maganinsa H2testw, kyauta ne. Yana cika filash ɗin taf da bayanai sannan ya karanto su ya gaya maka nawa ne na gaskiya. Yana cin lokaci, ka bar shi yana yi ka tafi sallah ka dawo. Rufus ma yana da gwajin da ke kama jabu, wannan ma dalili ne na ajiye shi. Tun a wurin saye ka yi magana da mai shago a gaban shaida cewa za ka gwada, in ya faɗi za ka dawo da shi. Wanda ya ƙi yarda da wannan, ka bar masa kayansa.

Haka masu tura maka Windows a waya ko a filash suna cewa nasu a kunne yake ba ya neman lasisi, ka guje su. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma mutanen da za ka ɗora wa suna shiga asusun banki da kwamfutocin nan. Ka sauke ISO daga shafin Microsoft, Ventoy daga ventoy.net, Rufus daga rufus.ie.

In gwajin ya nuna filash ɗinka na ƙwarai ne, 32GB zai ɗauki Windows 10 da 11 da Linux Mint da Hiren's har da ragowar gurbi. In za ka sayi wani nan gaba, nemi USB 3.0 mai 64GB, galibi bakinsa shuɗi ne. Bayan ka tura ISO kada ka fizge shi, ka danna Eject ka jira, don babban fayil yakan ci gaba da rubutuwa ko da allo ya nuna an gama. Kuma filash ɗin aiki ba na aro ba ne. Kada ka ba kowa ya kai shagon buga takardu, bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya mayar da su shotkot a can ake kwaso shi. Ka saya wa aro wani ƙarami daban.