Tsohuwar mota mai gudu: wacce ce za ta kai ka gida?

A kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, da tsakar rana cikin watan Afrilu, na ga allurar zafin inji ta bar tsakiya ta nufi ja. Kafin in samu wurin sauka daga kwalta, tururi ya fara tashi ta gefen bonet. Motar mai silinda shida ce, wata uku ke nan a hannuna, kuma tun da na saye ta ko tari ban ji ta yi ba. Da aka ja ta zuwa gareji, makaniken ya kwance tiyon sama ya tsiyaya mini abin da ke ciki a tafin hannu: ruwa jajir kamar na kududdufi, da ɓarɓashin tsatsa. Ya ce, "Alhaji, wannan ai an daɗe ana ba ta ruwan rijiya. Ga shi an cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye." Na ce, "Malam, injin ya tsira?" Ya ce sai an buɗe kai. Da aka buɗe, kan ya riga ya lanƙwashe.

Hannayen da motar ta bi kafin ta zo gare ni su suka kashe ta. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ko tsohuwar mota mai ƙarfi tana da aminci, nakan fara da tambayarsa abu biyu: wa ya riƙe ta kafin kai, kuma wa zai gyara maka ita a garinku? Amsar waɗannan ta fi sunan da ke maƙale a goshin motar nauyi. Duk da haka injuna suna suka tara. Akwai mai haƙuri da sakaci, akwai wanda kuskure ɗaya ke gamawa da shi, kuma zafinmu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da ramukan hanya, ba sa raga wa kowanne.

In fara da wadda na fi natsuwa da ita. Lexus IS350, samfurin 2006 zuwa 2013, tana da inji mai lita 3.5 da ake kira 2GR-FSE, ƙarfin doki 306, galibi tana tura tayoyin baya. Babu turbo, kuma giyarta mai hawa shida ba ta da tarihin rigima. Abin da ya raba ta da ƙanwarta IS250 ya cancanci a tsaya a kansa, don mutane da yawa suna sayen ƙaramar da tunanin ta fi sauƙin riƙo. Injin IS250 yana fesa mai kai tsaye cikin silinda kawai, saboda haka fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin da ke shigar da iska, sai baƙin dauɗa ya riƙa taruwa a wurin har motar ta fara rawa in tana tsaye. Ita IS350 nozul iri biyu gare ta, na cikin silinda da na hanyar iska, shi ya sa wannan ciwo bai cika kama ta ba. Ga shi kuma ƙarfin IS250 doki 204 ne kacal. Wanda gudu ya kawo shi kasuwa, ƙaramar ba za ta biya masa buƙata ba.

Tana da nata aibin. Dashbod ɗin na shekarun farko yana narkewa a rana ya yi danƙo, ya riƙa ƙyalli a gilashi yana kashe ido. Famfon ruwa yakan fara tsiyaya idan tafiya ta yi nisa. Kujerar baya matsattsiya ce, magidanci mai iyali ya shiga ya zauna da kansa kafin ya yanke shawara. Sannan kada dillali ya ce maka kayanta duk na Camry ne. Danginsu ɗaya da injin Camry V6 da Avalon da RX350, amma zaman injin daban, tsarin mai daban, abubuwa da yawa ba sa shiga juna. Abin da za ka mora shi ne makaniken da ya saba da Toyota ba zai ruɗe ba in ya buɗe ta.

Infiniti G35 da G37 su ne waɗanda kasuwa ta raina, kuma sau da yawa sun fi Lexus araha. G35 ta 2003 zuwa 2006 tana ɗauke da VQ35DE, dangin injin da ke cikin Pathfinder da Murano da Maxima, don haka ba baƙo ba ne a garejinmu. Wasu daga cikinsu suna shan baƙin mai, sai ka riƙa zaro sanda kana dubawa duk mako. A G35 ta 2007 da 2008 da kuma G37 ta farko-farko akwai wani siririn gasket a bayan murfin sarƙar inji da yakan fashe, ƙarfin tura baƙin mai ya faɗi ba tare da ɗigo ko ɗaya ya zuba a ƙasa ba. A sa ma'auni a gwada ƙarfin man kafin ciniki. Inda za ka sha wuya shi ne kayan jiki: fitila, bamba, madubi. In aka goge ka a cunkoson Kano, wataƙila sai an aiko daga kasuwar kayan gyara ta Ladipo a Legas.

Yanzu ga wadda ke hana samari barci. Duk wanda ya taɓa tuƙa BMW 330i samfurin E46, wadda aka yi daga 2000 zuwa tsakiyar shekarun 2000, ya san daɗin sitiyarinta da sautin injin M54 idan ya haura. Ni ban ga laifin mai sonta ba, don har yau ina juyawa in kalle ta in ta wuce. Injin kansa mai ƙwari ne. Rauninta yana wajen sanyaya shi: tankin ruwa na roba, wuyan lagireto na roba, gidan tamostat na roba, duk shekaru da zafi suna busar da su su tsage ba sallama. Jikin injin alminiyom ne, in ya yi mummunan zafi sau ɗaya, zaren da ke riƙe kusoshin kai yakan sale, daga nan magana ta koma ta sayen wani inji. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen E46 ya sa a lissafinsa tun ranar farko cewa zai sauya lagireto, tanki, famfon ruwa, tamostat da tiyoyi gaba ɗaya, ko da babu wanda ya nuna alamar mutuwa. A kuma ɗaga ta a duba ƙarfen da ƙafafun baya ke ɗaure a jiki, wurin yana tsagewa, kuma hanyoyinmu suna gaggauta hakan.

Magajiyarta E90, daga 2005, gida biyu ce. Masu injin N52, wato 325i da 328i da 330i, babu turbo, kuma su ne zaɓin mai hankali a gidan BMW. Famfon ruwansu na lantarki ne, yana mutuwa farat ɗaya, kuma yana da tsada. Murfin kai da gidan matatar mai suna yoyo. Duk ana iya zama da wannan. Ita kuwa 335i mai injin N54, turbo biyu, doki 300, wata halitta ce daban. Famfonta mai matsa fetur ya yi ta mutuwa har kamfanin ya yi kiranyen motocin a Amurka a 2010. Ƙara da nozul masu tsada, da turbo da ke fara kwaramniya, da dauɗar bawul. In tana lafiya, kaɗan ne za su bi ƙurarta a kan titin Abuja. Amma sai mai mota ta biyu a gida, da makaniken da ke da kwamfutar da ke karanta BMW, ya kamata ya kusance ta. Wani abu da ba a cika faɗa ba: E90 ta zo da tayoyin da ake iya tafiya a kansu ko sun yi faci, saboda haka ba a yi mata wurin safaya ba. Yawancin na nan an riga an mayar da su taya ta gama-gari. Tuna da wannan kafin ka kama hanyar Sakkwato da dare.

Marsandi tana da farin jini a arewa, kuma masu gyaranta sun fi na BMW yawa. A nan lambar inji ce komai. M112 mai silinda shida da M113 mai takwas suna cikin injuna mafi juriya da kamfanin ya taɓa ƙerawa, tare da tsohuwar giya mai hawa biyar. Fulogi biyu ne a kowace silinda, wato 12 ko 16, ka san wannan kafin ranar sabis. Matsalar ita ce jikin da aka sa su. E500 da E55 AMG na samfurin W211, daga 2003 zuwa 2006, suna da birkin lantarki da ake kira SBC mai famfo mai ƙayyadadden wa'adi, da ƙafafu masu jakar iska. Ka wayi gari ka tarar da motar ta durƙusa a gefe ɗaya, to jaka ta huje. E55 tana da doki 469 kuma injinta ba ragwanci, sai dai kuɗin kewayensa ke karya mutum. Injin M272 da ya biyo baya, na wajen 2005 zuwa 2007, yana da wani haƙori a kan sandar daidaita girgiza da ke cinyewa da wuri, gyaransa sai an sauke inji. C350 ta W204 daga 2008 galibi ta wuce wannan zango, ita ce zan nuna wa mai son Marsandi mai kuzari, da sharaɗin a gwada giyarta mai hawa bakwai da sanyi da kuma bayan ta yi zafi, a kuma san cewa makullin sitiyarinta na lantarki yakan ƙi buɗewa, mota ta ƙi tashi.

BMW M3, BMW M5 mai silinda goma, Marsandi C63: waɗannan ban sa su a ma'auni ba. Wanda zai iya riƙe su ba ya buƙatar shawarata, wanda kuma arahar wata ta ja shi, ya tambayi dalilin arahar. Golf GTI ta biyar da ta shida tana da daɗi da ƙarancin shan mai, amma giyarta ta DSG tana son a sauya mata mai na musamman duk kilomita 60,000, abin da da wuya a ce mai ita na baya ya yi.

Akwai kuma zancen fetur. Kusan duk motocin nan an ƙera su ne don fetur mai daraja, wanda a Amurka ake rubuta wa 91 a jikin famfo, a Turai 95. Gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Kwamfutar motar tana jin ƙwanƙwasar inji ta rage masa kaifi, don haka za ta yi tafiya, sai dai ba da cikakken ƙarfinta ba, kuma mai turbo ta fi jin jiki a rana. Waɗanda suka sha gurɓataccen man nan mai methanol a farkon 2022 sun san yadda tanki ɗaya ke kwantar da mota. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kuma, inji mai lita 3.5 a cunkoson gari ya zama abin da ake lissafawa da albashi.

'Yar Beljiyam ko ta hannu? Yawancin waɗanda ake kira 'yan Beljiyam a wannan aji daga gwanjon Amurka suke, wasu sun yi hatsari, wasu ambaliya ta shanye su. Ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ka bincika tarihinta a intanet. Sau da yawa har hotunan ranar gwanjo za ka gani. Ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa. Ta hannu kuwa, wadda mutum ɗaya ya riƙe da kulawa ta fi 'yar Beljiyam da ba a san asalinta ba, amma irinta ba ta kai wa kasuwa, a tsakanin abokai take ƙarewa.

Ranar dubawa, ka je da sassafe ka tarar da injin da sanyi, ka ɗora hannu a kansa ka tabbatar. In an riga an ɗumama ta kafin ka iso, ka dawo gobe, don ƙarar sarƙa da hayaƙi a tashin farko suke bayyana. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an kashe ta ne da gangan. Buɗe tankin ruwa ka ga launin abin da ke ciki. Saurari fanka: in ta kama aiki tun daga tashi alhali ba a kunna AC ba, an taɓa ta. Ka zo da makanikenka, ba na dillali ba, ya sa kwamfuta, ya duba ko an ciro abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda 'yan gareji ke kira indomi. Ka nemi takardun kwastan ka tantance su. Sannan ka tambayi irin baƙin man da ake zuba mata. In aka ce 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-30, ka rage kuɗi ko ka haƙura.

Da kuɗina ne, IS350 zan ɗauka, G37 ta biyo baya. Idan zuciya ta nace sai ta Jamus, 328i ko C350, kuma ba zan kashe duk abin da ke hannuna a saye ba. Zan ware kaso mai kauri na watannin farko, don tayoyi huɗu masu faɗi, da shokozoba, da kayan ruwa, da man giya. Kafin in biya ko sisi, zan rubuta abu biyar a takarda: famfon ruwa, lagireto, kwayil, hannun ƙafar gaba, fitila. In shiga kasuwar kayan gyara, Ƙofar Ruwa in ina Kano, ko Panteka in ina Kaduna, ko Apo in ina Abuja, in tambayi farashin kowanne da kwana nawa zai ɗauka kafin ya iso. Motar da aka ce mini uku daga cikin biyar sai an yi oda daga waje, a wurin dillali zan bar ta.