Tukuba, balangu ko sabon gidan gashi: ina za ka kai kuɗin namanka a titin Gwarzo?

Wanda ya daɗe bai bi titin Gwarzo na Kano da daddare ba, daga gadar Kabuga zuwa Rijiyar Zaki har ƙofar sabuwar Jami'ar Bayero, zai ga wurin ya sauya masa. Fitilu sun yi yawa, allunan gidajen abinci sun jeru, kowanne da hoton kaza ko kifi a jiki. Shago ɗaya a bakin layinmu ya canza hannu sau biyu a idona. Da farko wata baiwar Allah ce ke tuƙa tuwo da miyar kuka a ciki, daga baya wasu samari suka shafe shi da jan fenti suka fara shawarma, yanzu kuma kifi ake gasawa. A duk tsawon wannan lokaci mai tsiren da ke tsallaken titi bai gusa daga inda yake ba, tukubarsa ce dai da fitilarsa da wuƙarsa.

Dalilan sauyin ba ɓoyayyu ba ne. Gidaje sun ƙaru, ɗalibai sun cika unguwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane suka rage shiga gari don cin nama. Magidancin da a da zai ɗebi iyali zuwa Zoo Road ko Fagge yanzu sai ya lissafa kuɗin mai tukuna, ya ga gara ya saya a kusa. Wannan ne ya jawo masu jari suka biyo mu unguwa. Amma tsadar da ta kawo su ita ce kuma ke korar su, domin haya da man janareta da albashin yara ba sa jira. Ko manya ba su tsira ba: Shoprite da ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ta rufe a farkon 2024. Saboda haka mai neman nama yau yana da zaɓi fiye da da, sai dai wurin da ya saba da shi a watan jiya ba lalle ya tarar da shi yadda ya bar shi ba.

Zan fara da tsire, don shi ne mafi sauƙin saya kuma mafi sauƙin ruɗar mutum. Tsiren gaske a tukuba ake yin sa, wato tudun toka da ƙasa da ake hura wuta a tsakiya, a kafa tsinkaye a kewaye suna fuskantar garwashi. Naman ba ya taɓa harshen wuta, zafi ne ke ratsa shi a hankali, mai tsire yana juya shi yana yayyafa masa man gyaɗa. Idan aka yi shi haka, ƙulin yana kama jikin naman ya yi ja mai duhu, gefen yana ɗan ƙamewa, ciki kuma da taushi. Da yawa yanzu sun koma ɗora tsinke a kan waya don ya fi sauri, kuma ba laifi ba ne, amma ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, hayaƙi ya fi kama na waya.

Amfanin tsire shi ne kowa na iya sayen daidai aljihunsa, tsinke ɗaya ma a yanka maka da albasa da tumatir, ka haɗa da gurasa ka ƙoshi. Illarsa kuwa, ƙuli na rufe abubuwa da yawa. Yana rufe ƙanƙantar naman, yana rufe jijiya, yana kuma rufe kwanan nama. Shi ya sa lokacin zuwa ke da muhimmanci. Mai tsiren kirki bayan la'asar yake jera tsinkayensa, da magariba na farko ya nuna. In ka zo da yamma liƙis ka tarar da tsire ya riga ya gasu ya yi baƙi-baƙi ya bushe, wuta kuma ko kamawa ba ta gama yi ba, to na jiya ne za a ɗumama maka. Karɓi ɗanɗano kafin ka ce a yanka, ba wanda zai hana ka, al'adar sana'ar ce. Ka shinshina ƙulin. Idan yana warin tsohon mai ko yana ɗaci a ƙarshen harshe, bar shi, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma gashi ba ya kawar da ita. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa kuwa, tsire da kilishi duk ba nasa ba ne.

Balangu ne nake ganin ya fi biyan kuɗinsa, kuma a kansa zan ɗan daɗe. A nan ba abin da ke ɓoye. Manyan yanka ne a kan waya, an lulluɓe su da takarda mai kauri, suna dahuwa cikin kitsensu da gishiri kaɗan. Mai balangu zai ɗaga takardar, tururi ya taso, ka nuna da yatsa inda kake so. Wannan nunawar ita ce rabin cinikin, kuma mutane da yawa suna barin ta ga mai nama, su ce kawai a yanka na naira kaza. In ka yi haka zai haɗa maka yadda zai fi masa riba, tsoka kaɗan, kitse da ƙashi da huhu su cika takarda, kuma bai zalunce ka ba tunda ba ka zaɓa ba.

Ka san abin da kake so tun kafin ka isa. Haƙarƙarin rago ya fi ko'ina daɗi amma ƙashi ne ke cinye nauyinsa, don haka ba shi ne na ciyar da mutum goma ba. Cinya tsoka ce zalla, tana da auki, sai dai in ta daɗe a wuta takan bushe. Tozon sa yana da kitse a cikin tsokarsa, shi ya sa yake narkewa a baki, amma ba a cin sa da yawa, kuma wanda likita ya hana maiƙo ya bar shi. Hanta da ƙoda su ne ke fara lalacewa, saboda haka kada ka saye su sai a wurin da ka san ranar aka yi yanka. Naman akuya ya fi na rago ƙarancin kitse da sauƙin kuɗi, kuma babu aibu a cikinsa muddin an gaya maka akuya ce. Tambaya kai tsaye ita ce magani: "Malam, wannan rago ne ko akuya?" Mahaucin da ke son ka dawo gobe zai faɗa maka gaskiya.

Abu ɗaya da na koya daga wani dattijon mahauci da nake saye a wurinsa shekaru da dama: kada a barbaɗa yaji a kan naman, a ƙulle shi daban. Wata rana na ce masa, "Baba, a zuba yaji sosai." Ya dube ni ya miƙo mini yanka ɗaya a bakin wuƙa, ba komai a jikinsa, ya ce in fara cin wannan. Naman na da zaƙinsa na kansa, ga ɗan gishiri, ga ƙanshin gawayi. Ya ce wanda namansa ke da kyau ba ya gaggawar rufe shi da yaji. Tun ranar haka nake gwada kowane sabon wuri, kuma gwajin bai taɓa ba ni kunya ba.

Farashin balangu yana bin kasuwar dabbobi, irin su Wudil da ke ci ranar Juma'a da Maigatari ranar Alhamis. Gab da babbar salla rago na tsada, yankan da ake yi maka sai ya ƙanƙance ko da kuɗin bai canza ba. A irin wannan lokaci naman shanu ya fi dacewa da mai iyali.

Sai sababbin gidajen gashi, masu kujeru da na'urar sanyaya ɗaki da takardar jerin abinci. Akwai masu raina su, ni ba na cikinsu, domin sun kawo abin da bakin titi bai taɓa bayarwa ba. Mace za ta iya zuwa da 'ya'yanta ta zauna cikin mutunci, akwai wurin wanke hannu, akwai haske, farashi a rubuce yake ba sai an yi ciniki ba, wasu ma a kan sikeli suke auna nama ka ga nauyin da idonka. Wanda ya yi baƙi daga nesa, ko yake son fita da maiɗakinsa, ba zai tsayar da su a bakin kwalta ƙura na tashi ba.

Amma ka sani cewa kuɗin da za ka biya ba na nama kaɗai ba ne. Kana biyan haya da wuta da kujera, a wasu wuraren har da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a ƙasan rasit. Da kuɗin faranti ɗaya a can za ka iya cika takarda a wurin mai balangu. Naman ma sau da yawa daga firiza yake fitowa, kuma a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, firiza abin tambaya ce. Wasu suna jiƙa shi da miya mai zaƙi irin ta kwalba har ba ka gane ko rago kake ci ko sa. Ga kuma abin da na fi lura da shi: watan farko na buɗewa komai na da kyau, don sun ɗauko gwanin mai gashi. Bayan 'yan watanni sai a saɓa a kan albashi, gwanin ya tafi, a bar wa yaron da ke wanke faranti wuta. Allon yana nan, fentin yana nan, naman ya canza. Ya faru da ni a wani wuri da na yaba wa abokai har na kai su, muka tarar da kaza ta ƙone a waje, cikinta da jini. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Idan za ka shiga irin wannan wuri, leƙa inda ake gashin kafin ka zauna. Duba ko gawayi ne ko gas, duba ko allon da ake yanka ɗanye shi ne ake yanka gasasshe a kai, ka kuma gane fuskar mai gashin don ka san ranar da aka canza shi.

Kaza da zabo da kifi ba sa buƙatar dogon bayani. Kazar gidan gona ta fi tsoka da taushi da araha, kazar Hausa da zabo sun fi ɗanɗano amma sai mai haƙori. Ko wacce ka zaɓa, sa a tsaga maka cinya har ƙashi, in ka ga ja ko ruwa mai jini-jini a mayar da ita wuta. Tarwaɗa kuwa gara wadda ka gani tana motsi a baho ka nuna da kanka, ka kuma yarda za ka jira, don kifin da aka kawo maka cikin minti biyar ba yanzu aka gasa shi ba.

Kilishi ba abincin dare ba ne, guzuri ne da tsaraba. An shanya naman falle-falle, an tsoma shi a labu, wato kwaɓin ƙuli da kayan yaji, an sake shanyawa, sannan an nuna masa wuta. A Kano sunan Agadasawa ne ke fara zuwa baki, a Nijar kuma Madawa. Yanzu kusan kowane sabon shago na sayar da shi a leda mai tambari, amma leda ba ta nuna ranar da aka yi shi sai in an rubuta. Mai kyau yana karyewa ba tare da ya zama gari ba, in ka ɗaga shi ga haske kana ganin zaren naman. In labu ya fi naman kauri, ƙuli ka saya. Da damina a kula da fumfuna, kuma mai tafiya Ingila ko Amurka ya sani ba a yarda a shiga musu da nama a jaka ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kusan kowane mai nama ya buɗe asusu, ga lambar a manne jikin tebur, wasu ma suna aiko da saƙo har gida a babur. Wannan ya sauƙaƙa, sai dai ba kowane nama ke jure tafiya ba. Tsire in aka ƙulle shi da zafi a leda yana yin gumi, ƙulin ya jiƙe ya zama kamar kunu. Balangu ya fi haƙuri, musamman in an naɗe shi a takarda mai tsabta, ba tsohuwar jarida mai tawada ba, an kuma ware albasa da tumatir gefe. Kuma duk naman da ya iso gida a ci shi da zafinsa. Ƙa'idar masana lafiya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje, a zafin Kano na watan Afrilu kuwa ko hakan ma ya yi yawa.

In ni kaɗai ne bayan isha, tsinke biyu da gurasa a wurin mai tukuba sun ishe ni. In gida ya cika da baƙi, balangun cinya da ɗan haƙarƙari nake sa a yanka, in tsaya a kai har a gama, in nemi gyara kuma a ba ni. Ranar da yara suka matsa a fita, mukan je ɗaya daga cikin sababbin wuraren, amma na daina yin odar babban faranti a zuwan farko. Nakan ce a kawo mafi ƙanƙanta, ba miya, yaji a gefe, sai na ci yanka ɗaya sannan in kira yaron in faɗa masa abin da za a ƙaro.