Ɗaukaka ƙara kan diyyar raunin aiki a Legas

Idan hukumar NSITF, mai biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, ta hana ka diyya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ka kwana 180 daga ranar hukuncin ka rubuta mata ta sake dubawa. Idan wa'adin ya wuce, haƙƙinka na ɗaukaka ƙara ya faɗi. Inda tsarin ya gaza shi ne, hukumar ce ke duba hukuncin kanta. Idon waje sai a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi, kuma nan amfanin tsarin yake.

'Yan'uwa ma'aikatan Apapa da Ikeja, rashin takarda ke kayar da mutum: rahoton likita, takardar albashi, shaidar ka sanar da kamfani cikin kwana 14 da jin raunin. Kowace wasiƙa a buga mata hatimin karɓa, ka riƙe kwafi. Kotu kam, gara ka je da lauya.